Yadda Muka Mayar da Sunan Malam Sulle

Ina cikin siton ƙungiya ina ɗinke bakin buhun gyaɗa, basilla a hannuna, sai wayata ta yi ƙara. Ɗantala ne, shugaban ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa. Bai tsaya gaisuwa ba, alhali shi mutum ne da sai ya tambaye ka har lafiyar akuyarka kafin ya faɗi abin da ya sa ya kira.

"Sunusi, a tsaye kake ko a zaune?"

Na ce a tsaye nake.

"To zauna. Sai haƙuri. Allah ya yi wa Zaharaddini rasuwa yanzun nan a hanyar Rogo. Mota ce ta buge babur ɗinsa."

Na zauna a kan buhun da ban gama ɗinkewa ba. Ina ta maimaita Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, gyaɗa tana zuba a kan ƙafata, na kasa miƙa hannu in tare ta. Bayan la'asar muka sallace shi a Zoza, muka kai shi makwancinsa kusa da mahaifinsa. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ban taɓa samun aboki kamarsa ba, kuma ba na jin kunyar in ce na yi kuka a gaban mutane.

Tare muka taso a Zoza, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Mahaifinsa malamin allo ne kuma manomi, a zaurensa muka yi karatu. Shi Zaharaddini, Dini muke ce masa. Tun yana ƙarami abu biyu aka san shi da su, kwance rediyo da kwatance. In baƙo ya tambaye shi gidan wani, ba ya cewa bi nan ka karya can. Ajiye abin da yake yi zai yi ya shige gaba, kuma ba zai juyo ba sai ya ji an amsa wa baƙon sallama daga cikin gida. Ya sha faɗa a kan haka. An taɓa aikensa sayen gishiri ana tsakiyar girki, sai da aka sauke tuwo ya dawo, wai ya raka wani mai sayen fata ne har bayan gari.

Ni na tsaya a tsakiyar sakandare na koma gona. Shi ya gama, ya tafi Kano ya zauna a shagon wani mai gyaran kwamfuta, yana shara yana koyo. Da ya dawo sai ya buɗe nasa shagon a Ƙaraye kusa da tasha, yana buga takardu, yana gyaran waya da kwamfuta, yana cike wa yara neman gurbin karatu. Ya auri Munawwara, Allah ya ba su 'ya'ya mata, babbarsu Ummu Habiba. Bai taɓa barin noma ba. Da damina rabin yininsa a gonar Zoza yake, da kaka kuma kullum akwai kwanon dafaffiyar gyaɗa a gefen kwamfutarsa, yana aiki yana ɓarewa. Yana ce mini Sakatare, don ni ne sakataren ƙungiya. Ni kuma ina ce masa Injiniya in ina son in ba shi haushi.

Ƙungiyar tamu Malam Sulle ne ya kafa ta, mahaifin Ɗantala. Shi ya tara manoma daga Zoza da Falgore da Tudun Kaya ya ce mu riƙa haɗa gyaɗarmu muna sayarwa tare. Da masu saye daga kasuwar Dawanau ta Kano da masu kamfanin mai suka fara cewa a turo musu bayani ta imel, Malam Sulle ya kira Dini ya ce yana son ƙungiya ta mallaki nata, ba na aro ba. Dini ya yi mana rajistar suna, ya kama hayar inji a wani kamfani a Legas. Saba suke ce wa irin wannan injin. Babbar kwamfuta ce da ba ta barci, ita ke karɓar saƙonni tana ajiye wa kowa nasa. Ba wanda ya taɓa ganin namu da ido, har shi Dinin.

Ana cikin wannan aikin Malam Sulle ya kwanta ciwo ya rasu. Shi kuwa irin wannan injin dole sai an raɗa masa suna kafin ya fara aiki. Dini bai yi shawara da kowa ba, ya sa masa sulle. Daga nan duk wayar da ya saita wa wani, ta shugaban reshe ce, ta matan da ke matsar mai da ƙuli-ƙuli ce, ko ta 'ya'yanmu masu neman makaranta, sunan da ya rubuta a cikinta ke nan. In wayar za ta ɗauko saƙo, wurin sulle take zuwa.

Na taɓa tambayarsa yadda saƙon da aka rubuto daga Kano yake gane hanyar injin da ke Legas. Ya tura mini kwanon gyaɗa.

"Sakatare, shi injin ba shi da unguwa. Lamba gare shi, doguwa, ba mai iya riƙe ta a ka. To akwai wani abu da ake kira DNS. Ka ɗauke shi kamar dattijon da ke zaune a bakin tasha ya san gidan kowa. Saƙo ya zo ya ce ina ne gidan sulle, shi kuma ya ba shi lambar. Aikinsa ke nan."

"Ashe ɗan'uwanka ne."

"A'a, na fi shi. Shi daga zaune yake nunawa, ni har ƙofa nake kaiwa."

Shekaru suka tafi a haka. Bana kafin a fara cire gyaɗa kamfanin ya aiko cewa irin injinmu ya tsufa, za su kashe shi a ƙarshen watan kaka, kowa ya koma sabo. Dini ya zo sito ya same mu ni da Ɗantala ya yi mana bayani. Tashi za mu yi daga tsohon gida mu koma sabo, kuma a daidai lokacin da masu saye suka fi rubuto mana. In aka yi kuskure, wayoyin mutanenmu za su je ƙofar sulle su tarar ba kowa. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya daga Falgore har Tudun Kaya ana sake saiti, ga kowa yana gona, ga masu saye ba sa jira. Ya ce kada mu damu, ya san yadda ake yi. Kuma ya sani ɗin.

Abin da bai sa a lissafinsa ba shi ne Inna Hajo.

Inna Hajo matar Malam Sulle ce, mahaifiyar Ɗantala. Ba ta da waya mai imel, ba ta kuma buƙata. Amma ta san cewa akwai wani abu a Legas da ke ɗauke da sunan mijinta, kuma duk saƙon da ya shigo ƙungiya sai ya bi ta kansa. Ni a iya sanina ban taɓa jin ta ambaci sunan da bakinta ba, Malam take cewa. Da Ɗantala ya je gida ya ce za a canza inji, sai ta aiko a kira mu.

Muka same ta a tsakar gida tana tsinkar gyaɗa. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyali, sannan ta dubi Dini.

"Ɗan nan, an ce za ka kashe abin nan mai sunan Malam."

"Inna, ba ni zan kashe ba, masu shi ne. Ya tsufa. Sabo za mu koma."

"To shi sabon wane suna za ka sa masa?"

Dini ya fara kame-kame. Ya ce ai za a fara sa masa wani sunan tukuna, daga baya a ga yadda za a yi.

"Daga baya," in ji ta. "Haka aka ce da itacen da ya dasa a ƙofar sito. Aka sare, aka ce daga baya za a dasa wani. Ka gan shi?"

Ɗantala ya sunkuyar da kai, don shi ya ba da izinin sarewar.

"Ni ban san aikinku ba," ta ce. "Abu ɗaya na roƙe ka. Kada sunan ya faɗi ƙasa."

Dini mutum ne mai kunyar manya. A hanya na ce masa ya zai yi, ya ce zai gwada. Da ya karɓi sabon injin sai ya raɗa masa sulle shi ma. Ya kwashe tsofaffin saƙonni ya kai can, ya umarci tsohon injin cewa duk abin da ya shigo masa ya miƙa wa sabon.

Washegari da hantsi wani mai saye daga Dawanau ya kira ni, ya ce ya turo mana saƙo ya dawo masa. Kafin azahar shugaban reshen Falgore ya kira da irin wannan maganar. Na hau babur na tafi shagon Dini. Na same shi ya tsura wa kwamfuta ido, kwanon gyaɗa cike bai taɓa ba.

"Injiniya, me ya faru?"

"Zo ka ga ikon Allah. Ka san su ma injinan nan gaisawa suke kafin su miƙa wa juna kaya. Tsohon ya ɗauki saƙo ya je ƙofar sabon ya yi sallama. Sabon ya amsa ya ce ni ne sulle. Tsohon ya ce a'a, ai ni ne sulle, ke nan wurin kaina na dawo. Sai ya fasa, ya mayar wa mai saƙo abinsa."

Na yi dariya duk da raina a ɓace yake. Shi bai yi ba. Nan take ya tsayar da miƙawar, ya mayar da komai yadda yake a da, ya bi waɗanda saƙonsu ya koma ya kira su ɗaya-ɗaya ya ba su haƙuri, ya ce su sake turowa. Ba abin da ya ɓace. Amma ya ce mini ba makawa, inji biyu ba za su amsa suna ɗaya ba alhali duka suna raye, kuma ba zai canza ba sai ya je ya gaya wa Inna da bakinsa.

Muka koma. Ya yi mata bayanin kamar yadda ya yi mini, har da sallamar da amsawar. Ta saurara har ya gama, hannunta bai daina tsinka ba.

"To banda abinka, ɗan nan," ta ce, "wa ya ce maka in an mayar da suna kiransa ake yi da shi? Ga ɗan wajen Ɗantala nan, sunan Malam gare shi. Ka taɓa jin an kira shi da shi a gidan nan?"

"A'a, Inna. Abba ake ce masa."

"To."

Sai na ga fuskar Dini ta washe. Ya ce ai haka ma masu aikin suke yi, shi ne dai kunya ta sa ya kauce. Sabon injin zai amsa abba a tsakaninsa da sauran injina. Ranar da tsohon zai huta, sai a gaya wa dattijon bakin tasha cewa duk mai neman sulle a nuna masa gidan abba. Suna biyu, gida ɗaya. Wayoyin mutane ba za a taɓa ko ɗaya ba.

"Ban san wani dattijon tasha ba," in ji Inna. "Amma in ka gama ka zo ka gaya mini."

Daga ranar aikin ya tafi daidai. Ya raɗa wa sabon abba. Ya rubuta wa kamfanin su gyara ta nasu ɓangaren, yadda in an tambayi lambar sabon injin za ta amsa da wannan sunan, don in suna da lamba ba su yi daidai ba manyan gidajen imel sai su ɗauke ka ɗan damfara su jefa saƙonka a shara. Ya rage tsawon lokacin da injinan duniya suke riƙe tsohon kwatance a kansu, don ranar da aka canza su ji da wuri. Ya juya hanyar sababbin saƙonni suka koma shiga wurin abba kai tsaye. Tsohon kuma ya mayar da shi ɗan rakiya: duk wayar da ta zo ƙofarsa, sai ya kama hannunta ya kai ta wurin abba. Na ce masa ya koya wa inji halinsa. Ya ce ai gara ya koyi nasa da ya koyi nawa.

Abu ɗaya ya rage, mayar da sunan. Ya ƙi yin sa da gaggawa. Ya ce yana son ya ga abba ya ɗauki kaya na ɗan lokaci tukuna, in ya yi tuntuɓe a samu inda za a koma. Kowace safiya sai ya turo mini saƙon gwaji daga wani adireshinsa na waje. Abin da yake rubutawa bai taɓa canzawa ba, sallama ce da tambaya ko ya iso. Ni kuma in amsa.

Tun farkon kafa imel ɗin ya ba ni kalmar sirri ta shiga shafin DNS, ya ce kayan ƙungiya ne, bai kamata ya zauna a hannun mutum ɗaya ba. Ban taɓa amfani da ita ba. A makonsa na ƙarshe ya zaunar da ni a kujerarsa ya ce sai na koya. Ya ƙirƙiri wani suna na wasa, ya sa na canza masa lamba da hannuna, na mayar, na sake canzawa, har ya ga na iya. Ya nuna mini inda ake ganin masu zuwa ƙofar tsohon injin. Na ce duk wannan na mene ne, ga shi nan da ransa. Ya ce lokacin kaka ne, ranar tana iya zuwa yana gona.

Bayan addu'ar bakwai ta Dini, Ɗantala ya same ni a sito. Wata ya kusa ƙarewa. Ya ce ko mu nemo wani daga Kano ya ƙarasa. Na ce ba sai an nemo ba, an nuna mini.

Munawwara matar Dini ta ba ni mabuɗin shagon. Na je da safe. Kwanon yana nan a gefen kwamfuta, ɓawon gyaɗa a ciki ya bushe. Na daɗe a tsaye kafin na iya zama a kujerar. Na yi bisimilla na shiga shafin. Ga layin sulle da tsohuwar lamba a gabansa, ga layin abba a ƙasansa da sabuwa. Na goge tsohuwar, na rubuta irin ta abba, na karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, na sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko kamar yadda ya koya mini, sannan na danna ajiyewa. Na ɗan jira. Na ɗauko wayata na ce ta duba saƙo, ta dubo. Na kira shugaban reshen Falgore na ce ya duba tasa, ya ce ga saƙon masu mai nan ya shigo, lafiya dai? Na ce lafiya lau. Na kira Tudun Kaya, haka. Ba wanda ya ma san an yi wani abu.

Ban kashe tsohon ba a ranar. Kullum da safe sai in buɗe shago in duba ƙofarsa. Ranar farko masu zuwa da ɗan dama, washegari suka ragu. Akwai wata waya ɗaya da ta yi ta zuwa ita kaɗai, na bi diddigi na gano ta wata mai ƙuli-ƙuli ce a Zoza, Saudatu, wadda ba ta taɓa kashe wayarta ba. Na je har gida na ce ta kashe ta kunna. Bayan nan ƙofar ta yi tsit. Na bar shi ya ƙara kwana a haka, sannan na kashe shi da hannuna kafin masu shi su kashe.

Daga shagon gidan Inna Hajo na wuce. Na gaishe ta, ta yi mini ta'aziyya kamar ba ta riga ta yi ba, na yi mata.

"Inna, an gama. Ya ce in an gama a zo a gaya miki."

"Sunan yana nan?"

"Yana nan. Duk mai neman Malam, gidan Abba ake kai shi."

Ta goge idonta da bakin mayafi. Ta ce, "Allah ya jiƙan yaron nan. Allah ya sa shi ma a mayar da nasa." Munawwara tana da ciki. Ban san abin da Allah zai kawo ba, amma in namiji ne na san sunan da zan roƙa.

Ganina da shi na ƙarshe jajiberin rasuwarsa ne, bayan la'asar. Ya biyo ta sito a kan babur, bai ma sauka ba, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya ce gobe zai leƙa Rogo, daga can ya wuce gona.

"Sakatare, lamba nawa za ka canza?"

"Ɗaya."

"Ta wa?"

"Ta sulle. In sa irin ta abba."

"Tsohon fa?"

"Sai na ga ba mai yi masa sallama."

"Madalla. In ka kashe shi ana tsaye a ƙofa, kai da Inna Hajo, ba ruwana."

"Kai dai je ka cire gyaɗarka, Injiniya. Ta kowa ta shigo sito sai taka."

Ya ɗebi cikin hannu daga buhun da ke kusa da shi ya zuba a aljihu, ya ce ta gwaji ce, ya tayar da babur.

Washegari da safe, ranar da zai rasu, ina buɗe sito saƙonsa ya shigo, irin na kullum.

"Salamu alaikum, Sakatare. Ya iso?"

Na ajiye mabuɗi na rubuta masa.

"Wa alaikumus salam. Ya iso."